KIYAYE RAN MAI CETO DA NA MAI GYARA: DARASI DAGA YOLA DA JIMETA

Gabatarwa

A cikin ma'aikata akwai iri biyu waɗanda aikinsu ba ya farawa sai abu ya ɓaci. Na farko shi ne mai ceto, watau ɗan kwana-kwana, da ma'aikacin agaji, da direban motar asibiti, da nas ɗin da ke karɓar masu rauni. Na biyu shi ne mai gyara, watau makaniki, da mai walda, da mai aikin lantarki, da mai yasar rijiya. Sa'ad da jama'a suke gudu daga wuri, ko suke jan jiki daga injin da ya lalace, su waɗannan bayin Allah can suke nufa. Sau da yawa kuwa ba a tuna da lafiyarsu sai bayan mai aukuwa ta auku.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara a sanadin aiki. Kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cututtukan da suka kwasa a wurin aiki ne ajalinsu, kimanin 330,000 kuma haɗari ne na farat ɗaya. Wannan darasi magana guda yake ɗauke da ita: ran wanda zai shiga aiki shi ne ran farko da za a tsare, kuma tun kafin a fara aikin ake tsare shi. An ɗauki misalai daga Yola da Jimeta, amma abin da ke ciki ya shafi kowane gari a Nijeriya.

Dalilin zaɓen Yola da Jimeta

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, kuma can fadar Lamiɗon Adamawa take har yau. Jimeta, wadda ke bakin Kogin Binuwai, ita ce ta zama matattarar kasuwanci da ofisoshin gwamnati. Garin ya zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sa'an nan ta Jihar Adamawa a 1991. A nan akwai babbar kasuwa, da tashar mota ta Jambutu, da garejin kanikawa, da injinan niƙa da na casar shinkafa a unguwa-unguwa, da noman rani a bakin tafkin Geriyo. Can Numan, inda Gongola ya haɗu da Binuwai, akwai babbar masana'antar sukari.

Bayan wannan, abubuwa uku sun jarraba ma'aikatan wannan yanki jarrabawa mai tsanani, watau tashin bama-bamai, da ambaliyar ruwa, da matsanancin zafi. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da mutanen Yola suka koya da wahala, ya kamata sauran 'yan ƙasa su koye shi da sauƙi.

Abin da ya faru a 2015

Bayan da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoba na 2014, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, aikin agaji ya zama na dare da rana. Shekarar da ta biyo baya ta fi muni. Ran 4 ga watan Yuni, 2015, bam ya tashi a kasuwar Jimeta. Ran 11 ga Satumba wani ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, ya kashe mutum 7, kuma cikin waɗanda suka ji rauni har da ma'aikatan Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA. Ran 23 ga Oktoba aka kai hari masallacin Juma'a na Jambutu. Ran 17 ga Nuwamba da dare bam ya sake tashi a wata kasuwar kayan gwari a Jimeta, mutum sama da 30 suka rasu, kimanin 80 suka ji rauni.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, ma'aikatan NEMA, da na hukumar agaji ta jiha, da 'yan Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da matasan unguwa, su ne suka kwashi masu rauni da gawawwaki. Likitoci da nas-nas na Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, da na babban asibitin tarayya na Yola, wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, su ne suka kwana a tsaye. An ƙidaya matattu, an ƙidaya masu rauni. Nauyin da masu ceto suka koma gida da shi a jikinsu da zukatansu kuwa, ba ya shiga irin wannan lissafi. Malkohi ta nuna a fili cewa rigar agaji ba ta hana mai ita jin rauni.

Darasi na farko: mai ceto ya fara duba wurin

Ƙa'idar farko da ake koya wa kowane ma'aikacin agaji a duniya ita ce ya tsaya ya duba kafin ya shiga. Dalili kuwa shi ne, mai ceton da ya faɗi ya ƙara yawan masu rauni da mutum ɗaya, ya kuma rage masu taimako da mutum ɗaya. Abubuwa huɗu ne ya kamata a kula da su.

Na ɗaya, haɗari na biyu. Inda bam ya tashi, wani na iya biyo baya. Haka aka yi a Mubi ran 1 ga watan Mayu, 2018, inda na farko ya tashi a masallaci, na biyu kuma ya tarar da mutane a waje suna neman tsira. Haka kuma inda gini ya rushe, sauran bangon na iya zubowa. Inda tankar mai ta faɗi, tartsatsi ɗaya ya isa. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, fiye da mutum 150 suka hallaka bayan jama'a sun taru a kan tankar da ta kife. Saboda haka aikin farko a irin wannan wuri shi ne a kori 'yan kallo, a killace wurin, a kashe injinan motoci, a hana taba da ashana, a kira lamba 112, wadda kyauta ce a ko'ina cikin ƙasa. Wanda ba shi da aikin yi a wurin, babbar gudummawarsa ita ce ya ba da hanya.

Na biyu, jini. Ciwon hanta, da cutar ƙanjamau, da zazzaɓin Lassa, duk suna bin jini da sauran ruwan jiki. Shi zazzaɓin Lassa ma, sunansa ya samo asali ne daga garin Lassa na Jihar Borno, kusa da iyakar Adamawa, inda aka fara gane shi a 1969. Waɗanda aka fara sanin ya kashe nas-nas biyu ne, ta biyun kuma wajen jinyar ta farkon ta ɗauka. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe. Don haka kada a taɓa jini sai da safar hannu ta roba. In babu, a sa hannu cikin leda mai tsabta. A wanke hannu da sabulu da zarar an gama. Kowane ma'aikacin agaji da na asibiti ya kamata a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta tun kafin ya fara aiki. Wanda allura ta soke shi, ko jinin wani ya shiga masa ido ko ciwo, ya wanke wurin, ya je asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau ba ya amfani in an wuce awa 72 ba a fara sha ba.

Na uku, ruwa. Kogin Binuwai yakan cika ya batse a ƙarshen damina, musamman in an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama ginawa a 1982. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a ƙasa baki ɗaya, ta 2022 kuma ta kashe sama da 600, Adamawa na cikin jihohin da suka fi shan wahala a duka biyun. A ƙarshen watan Yuli na 2025 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya mamaye wasu unguwannin Yola, sama da mutum 20 suka rasa rayukansu. Ya kamata mai ceto ya sani cewa ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba, kimanin santimita 15, yana iya kayar da ƙaton mutum. A ƙarƙashin ruwan ambaliya kuma akwai buɗaɗɗun rijiyoyi, da masai da suka rufta, da macizai, da wayoyin lantarki. Tsarin ceto shi ne a fara miƙa gora ko sanda, in ba ta kai ba a jefa igiya da jarka marar komai a ciki wadda aka toshe bakinta, in wannan bai yiwu ba a shiga kwale-kwale. Faɗawa ruwa da iyo shi ne mataki na ƙarshe, kuma na wanda aka horar ne kaɗai. Kada kowa ya hau kwale-kwalen ceto ba tare da rigar hana nutsewa ba, kada kuma a yi masa lodi fiye da kima don tausayi.

Na huɗu, raunin da ido ba ya gani. Mutumin da ya yini yana ɗaukar gawawwakin yara, ko ya tsinci wanda ya sani a cikin matattu, ba ya komawa gida yadda ya fito. Alamomin da akan gani su ne rashin barci, da munanan mafarkai, da firgita in an buga ƙofa ko taya ta fashe, da saurin fushi a gida, da ƙin bi ta wurin da abin ya faru, da komawa ga ƙwayoyi ko maye don a manta. A kwanakin farko waɗannan ba abin mamaki ba ne, kuma yawanci sukan lafa da kansu. In sun wuce wata ɗaya, ko suna hana mutum aiki da zaman iyali, to, ciwo ne wanda likitoci suka san shi, kuma yana da magani. Jarumtaka ba ta hana shi, imani kuma ba ya raguwa don an je asibiti.

A nan nauyi yana kan shugabannin ma'aikata. Su tsara aiki bi da bi don kowa ya sami barci. Su tanadi ruwa da abinci a wurin aiki. Su haɗa mutane biyu-biyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Kada su tilasta wa kowa ba da labarin abin da ya gani, amma su buɗe ƙofa ga mai son magana. Bayan mako biyu ko uku su sake bibiyar kowa, har da 'yan sa kai waɗanda ba su da albashi. Iyali ma suna da nasu rabon: in maigida ya dawo daga irin wannan aiki ya zama shiru-shiru ko mai faɗa, a yi masa uzuri, a kuma ƙarfafa masa guiwa ya ga likita.

Darasi na biyu: inji ya fi haɗari ranar gyara

Kullum inji yana aiki da murfinsa a rufe, mutane kuma suna nesa da haƙoransa. Ranar gyara ce ake cire murfi, ake sa hannu a ciki, ake kwanciya a ƙarƙashi. Duk abin da ke kare mutum a sauran ranaku, a ranar ne ake kawar da shi.

Babban misalin da ake karantarwa a duniya ya faru ne a wani dandalin haƙar mai da ake kira Piper Alpha, a cikin teku kusa da Sikotilan, daren 6 ga watan Yuli, 1988. Ma'aikatan rana sun cire wani abin kariya daga jikin famfo don gyara, ba su gama ba lokacin tashi ya yi. An rubuta takarda cewa kada a kunna famfon, amma labarin bai kai ga ma'aikatan dare yadda ya kamata ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, sai suka kunna wanda ake gyara. Gas ya tsiyaye, wuta ta kama, mutum 167 suka mutu, biyu daga cikinsu masu ceto ne da suka zo da ƙaramin jirgi. Kamfanin yana da injiniyoyi da kuɗi da kayan aiki. Abin da ya rasa a daren nan shi ne saƙo ɗaya daga bakin mai gyara zuwa kunnen mai kunnawa.

Irin wannan kuskure ba ya bukatar teku ko babban kamfani. Yana iya faruwa a injin casar shinkafa, sa'ad da yaron shago ya sa hannu yana cire abin da ya toshe, maigidansa kuma ya shigo ya tayar da inji bai san da mutum a ciki ba. Ga matakai shida da ya kamata kowane mai gyara ya bi, ko a masana'antar sukari yake ko a rumfar niƙa:

1. A sanar da duk wanda ke aiki da injin cewa za a yi gyara.
2. A kashe inji, a kuma yanke wuta daga babban makunni. In na dizal ne a rufe mai, a cire abin tayarwa.
3. A sa kwaɗo a makunnin, makullin kuma ya zauna a aljihun mai gyara. In masu gyara uku ne, kwaɗo uku za a sa. A rataya allo mai cewa ana gyara, kada a kunna.
4. A saki ƙarfin da ya rage a ciki. A jira duk abin da ke juyawa ya tsaya cak, a fitar da iska ko tururin da ke matse, a bar abin da ya yi zafi ya huce. Motar da aka ɗaga da jak a tokare ta da ƙarfe ko katako mai ƙwari, domin jak na ɗagawa ne, ba a kwanciya a ƙarƙashinsa shi kaɗai.
5. A gwada kunnawa don a tabbata inji ba zai tashi ba, a kuma auna waya da abin gwaji.
6. In an gama, a ƙidaya kayan aiki da mutane, a mayar da murfi, sa'an nan wanda ya sa kwaɗo shi da kansa ya cire. In aikin zai kwana, a gaya wa mai karɓar aiki baki da baki, a kuma rubuta.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da ƙasashen da wuta ke yawan ɗaukewa. Mai aikin lantarki yakan ce ai an ɗauke wuta, bari ya yi sauri ya gama. Wuta kuwa ba ta sallama in za ta dawo. Har ila yau, janareton da maƙwabci ya jona ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya tura wuta baya zuwa kan waya, ya kashe wanda ke kan falwaya. Faifan hasken rana da baturansa ma suna riƙe da wuta ko da gari duk duhu ne. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni tukuna. In wutar gida ce kuma makunni ya yi nisa, a ture shi da busasshen itace. In babbar waya ce ta faɗo, a ja da baya aƙalla mita 10, a hana kowa matsowa, a kira kamfanin rarraba wutar lantarki.

Tufafi ma abin lura ne. Babbar riga, da gyale, da hijabi, da rawani, bel ɗin inji yana fizgarsu cikin ƙiftawar ido. Dole ne bel da ƙafar da yake juyawa a kai su kasance a rufe da raga ko gwangwani, a kuma ja layin da mata da yara masu kawo niƙa ba za su ƙetare ba. Game da ƙara, in mutum sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, to, ƙarar ta kai ta lalata kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada. Haka nan mai walda ya sa gilashin walda na ainihi, domin baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare hasken da ke ƙona ido.

Rijiya, masai da tanki

A nan ne aikin mai gyara da na mai ceto suke haɗuwa, kuma a nan ne ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. Iskar da ɗan'adam ke shaƙa tana da kashi 21 cikin 100 na sinadarin da rai ke bukata. In ya sauka ƙasa da kashi 19 da rabi, wurin ya zama haɗari. A cikin tsohuwar rijiya, ko masai, ko sokawe, ruɓar abubuwa tana cinye wannan sinadari, tana kuma haifar da wata guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan guba ta fi iska nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. In ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, alhali a lokacin ne ta fi kisa. Hayaƙin janareto da na injin ban ruwa kuma yana ɗauke da wata gubar da ba ta da wari ko launi. Saukar da inji mai amfani da fetur cikin rijiya don zuƙe ruwa daidai yake da haƙa kabari.

Yadda abin yakan kasance shi ne, na farko ya sauka ya yi shiru. Na biyu ya leƙa ya gan shi kwance, ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma ya yi shiru. Wani binciken da aka yi a Amurka kan haɗurran da suka auku tsakanin 1983 da 1993 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu a irin waɗannan wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Maganin abin shi ne a buɗe ramin ya sha iska, a riƙa hura masa iska daga sama kafin a shiga da kuma lokacin da ake ciki, a auna iskar da na'ura inda ake da ita. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji da kafaɗu, mutum biyu masu ƙarfi su tsaya a baki, ba su da wani aiki sai riƙon igiya da yi masa magana. In ya daina amsawa, a jawo shi da igiya, kada kowa ya bi shi, a kira 'yan kwana-kwana. Dabarar da aka gada ta saukar da fitila don gwada rijiya ba ta nuna guba, kuma a masai ko tanki tana iya tayar da wuta.

Tankin mai da aka juye ya fi cikakke haɗari ga mai walda, domin tururin man da ya rage ne ke fashewa. Kada a kusanta wuta ga tanki ko duro sai an wanke shi sarai, an buɗe dukkan bakunansa, an kuma cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi walda.

Zafin bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Yola yakan haura digiri 40. Lebura a kan gini, da mai walda a gaban wuta, da ɗan kwana-kwana cikin rigarsa mai kauri, duk suna cikin haɗarin bugun zafi. Alamun farko su ne jiri, da ciwon kai, da murɗewar tsoka, da tashin zuciya. In mutum ya fara ruɗewa, ko magana ta sarƙe masa, ko ya faɗi, rai ne ke cikin haɗari. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Rigakafin shi ne a sha kofi ɗaya na ruwa kowane minti 15 zuwa 20 ana cikin aiki mai nauyi, a huta a inuwa, a mayar da aikin ƙarfi zuwa sanyin safiya da yamma. Sabon ma'aikaci a bar shi ya saba a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. In azumi ya faɗo a bazara, wajibi ne masu ba da aiki su sauya lokutan aiki.

Abin da doka ta tanada

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a yi wa kowace masana'anta rajista, a killace sassan inji masu haɗari, a samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin taimakon farko da hanyar fita in gobara ta tashi. Ta kuma ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3, a kai rahotonsa ga sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 a 1994, da mai lamba 187 a 2022, dukansu kan lafiyar ma'aikata ne. Kowace ranar 28 ga Afrilu kuma ita ce ranar tunawa da wannan batu a duniya.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ita ce ta shafi aljihun iyali kai tsaye, hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa kowane wata, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashinsu. Dokar ta haɗa da ma'aikacin gwamnati da na kamfani, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a. Tana biyan diyyar mutuwa, da naƙasa, da cutar da aiki ya jawo, da kurumta, da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Har ma ta ambaci ciwon damuwa da ke biyo bayan mummunan abin da ya faru farat ɗaya a bakin aiki, in likita ya tabbatar. Wannan sashe ya kamata ma'aikatan agaji su san da shi.

Akwai wa'adi uku da ya kamata a riƙe. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai ba da aiki cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara ɗaya. A adana katin asibiti, da takardar likita, da sunayen shaidu. Wanda ya karɓi ɗan abin sayen magani aka ce ya yi shiru, yana iya zubar da haƙƙin da zai riƙe 'ya'yansa shekara da shekaru.

Kammalawa

Akan ji mutane suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai da ajali a hannun Allah suke, amma malaman addini sun karantar da cewa dogara ga Allah ba ta hana ɗaure raƙumi. Kwaɗo a jikin makunni, da igiya a ƙugun mai shiga rijiya, da safar roba a hannun ɗan agaji, da barcin dare ɗaya ga wanda ya kwana biyu yana ɗaukar masu rauni, duk kuɗinsu bai kai na jinyar mako guda ba. Maigidan shago ya tuna cewa yaran da iyayensu suka damƙa masa amana ne. Shugaban ma'aikatan agaji ya tuna cewa yawan mutanen da ya fita da su, su zai ƙidaya in an dawo. Ma'aikaci kuma ya sani cewa in ya ga abin da zai hallaka shi, yana da ikon ya tsaya ya faɗa wa na gaba da shi kafin ya sa hannu. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa aka ce ran mai ceto shi ne na farko da za a tsare? A kawo misali daga Malkohi ko Mubi.
2. Waɗanne matakai shida ne mai gyara zai bi kafin ya sa hannu a inji, da bayan ya gama?
3. Idan mutum ya sauka rijiya ya daina amsa kira, me na bakin rijiya za su yi, me kuma ba za su yi ba?
4. Waɗanne alamomi ne ke nuna cewa ma'aikacin agaji yana bukatar ganin likita bayan ya yi aiki a wurin bala'i?
5. Kwana nawa doka ta ba ma'aikaci ya sanar da rauninsa, kuma wa ke biyan kuɗin asusun diyya?